Ziyarar Ilimi: Kafin Mu Hango Italiya, Mu Fara Sanin Gumel

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasashe da dama akwai al'adar kwasar ɗalibai a lokacin hutu a kai su ziyarar ilimi, kuma Italiya na cikin wuraren da aka fi nufa. Sukan fara da birnin Rum, inda dandalin Kolosiyam yake tsaye tun shekara ta 80 Miladiyya. Daga nan sai Fulorans da gidajen adana zane-zanenta, sai Benis wadda hanyoyinta ruwa ne, sai kufan Fomfei, garin da tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79, su ƙare da gaɓar tekun Amalfi. Babu ƙasar da ta kai Italiya yawan wuraren da UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya, alhali Najeriya biyu take da su, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Ra'ayinmu shi ne irin wannan tafiya karatu ce, kuma 'ya'yanmu na masarautar Gumel sun cancanci irinta, amma daga ƙofar gida ya kamata ta fara.

Wasu iyaye na ɗaukar zuwa kallon tsofaffin gine-gine a matsayin ɓata lokaci, wasu ma suna shakkar halaccinsa. To, Alƙur'ani mai girma ya maimaita umarni a wurare da yawa cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ratsa Hijr, kufan Samudawa, a hanyar Tabuka, ya koya wa sahabbai ladabin irin wannan wuri: a shige shi da tsoron Allah da wa'aztuwa, ban da shewa da wasa. Hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi ga masallatai uku kuwa, malamai sun fahimce shi ne a kan tafiyar neman lada a wani wuri na musamman, bai hana tafiyar neman ilimi ko fatauci ba. Abin da ake buƙata shi ne niyya mai kyau, da kiyaye salla, da kame ido daga abin da shari'a ta hana, domin gumaka da zanen tsiraici suna da yawa a gidajen tarihin Turai.

Wanda Allah ya hore wa zuwa Italiya, idan ya tafi da sani, zai tarar da tarihinsa na jiransa a can. A shekarar 827 rundunar Musulmi ta sauka a garin Mazara da ke tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliyya. Jagoranta shi ne alƙalin Ƙairawan, Asad bin Furat, almajirin Imamu Malik, wanda daga littafinsa Asadiyya ne Mudawwanar Sahnun ta samo tushe. Birnin Falarmo ya shiga hannun Musulmi a 831, kuma mulkinsu bai ƙare a tsibirin ba sai 1091. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya buɗe Muhtasar na Shehu Halil ya san malamai huɗu da marubucin ya ce zai riƙa nuni da maganarsu. Biyu daga cikinsu suna da alaƙa da wannan tsibiri: Ibn Yunus As-Siƙilli, da Imam Al-Maziri, wanda ake danganta shi ga Mazara. Ashe fiƙihun da ake karantawa a Gumel da Maigatari yana da jijiya a ƙasar da yau take cikin Italiya.

Ko bayan mulki ya koma hannun Kirista, ilimin bai tafi ba. A Falarmo ne Al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roja na Biyu littafin taswirar duniya a 1154. Fibonaci, ɗan birnin Fiza mai karkatacciyar hasumiya, a garin Bijaya na Aljeriya ya koyi lambobin lissafin da muke amfani da su yau, ya yaɗa su a Turai da littafinsa na 1202. Sai kuma Hasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. 'Yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma a Rum, can ya rubuta bayanin Afirka da aka buga a Benis a 1550, kuma a ciki akwai labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Ɗalibin da bai san waɗannan ba zai je ya dawo da hotuna a waya kawai.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Manomin Gagarawa da ke fafutukar kuɗin taki ba zai biya wa ɗansa kuɗin jirgi zuwa Rum ba. Italiyar da matasanmu suka fi jin labari ita ce ta bayan hamada: a bi ta Agadas, a shiga Libiya, a hau kwale-kwalen roba. A watan Oktoba na 2013 kaɗai, mutum fiye da 360 sun nutse a jirgi ɗaya kusa da tsibirin Lamfedusa. Talauci na cikin abin da ke tura matashi wannan hanya, amma akwai kuma raina gida. Yaron da ya tashi bai taɓa jin cewa garinsu ya taɓa zama wani abu ba, da wuya ya yarda zai iya zama wani abu a cikinsa. Abin da Italiya ta fi mu da shi a wannan fanni shi ne ta riƙe tsofaffin kayanta, ta rubuta labarinsu, ta koya wa 'ya'yanta, har duniya ke biyan kuɗi ta zo kallo.

Mu kuwa me muke da shi? Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma, kuma ta kasance tana bin Borno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A zamanin Sarki Ɗan Tanoma aka taso da fada daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa inda take a yau. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851, ya same ta babbar kasuwar kanwa tsakanin Borno da ƙasar Nufe. Da ya sake biyowa a 1854 ya tarar rikicin sarauta ya ragargaza garin. Ga darasin wa'azi cikakke, a cikin shekara uku kacal, a kan abin da rarrabuwar kai ke yi wa arziki. Ɗalibai nawa ne a makarantun Islamiyyarmu suka taɓa jin wannan?

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye su ware rana ɗaya a kowane zango. A fara da neman izini a fadar Mai Martaba Sarkin Gumel, yara su ji jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙen Haɗeja da Damagaram daga bakin waɗanda suka gada. Ranar Alhamis, wadda dama hutu ce a makarantun allo, a kai su kasuwar dabbobi ta Maigatari, su ga raƙuma da shanun da ke shigowa daga Nijar. A nan malamin fiƙihu zai karantar da babin ciniki da dillanci da nisabin zakkar dabbobi a aikace, malamin tarihi kuma ya nuna musu iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi gida biyu. A tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, su ji yadda gyaɗar kakanninsu ta riƙa tafiya bakin teku. A karkarar Sule Tankarkar su ga yadda rairayi ke cin gonaki, da amfanin shingen itatuwa, su dasa nasu kafin su dawo. Manyan azuzuwa su zarce zuwa zanen duwatsun Birnin Kudu, da rijiyar Kusugu a Daura, da Gidan Makama da Dutsen Dala a Kano.

Mun san akwai uzurori, kuma ba na banza ba ne. Kuɗin mota ya yi tsada, iyaye na fargabar hanya, wasu ba sa son 'ya'yansu mata su yi nisa. Amma tsakanin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu tafiyar wuni ɗaya ce, a fita da hantsi a dawo kafin magariba. A samo mota mai lafiya, kada a cusa yara fiye da ƙima, a raba maza da mata, malamai mata su raka ɗalibai mata, a karɓi yardar kowane uba. Kuma sharaɗi ne kowane ɗalibi ya tafi da littafi da alƙalami, ya rubuta abin da ya gani, a karanta a aji. Malaman tarihi na Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya taimakawa da ɗan littafin jagora da Hausa.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne dattawan da suka riƙe wannan tarihi a ka suna ta tafiya, ginin ƙasa kuma kowace damina sai ta rage shi. Duwatsun Rum za su jira wanda zai je bayan shekara hamsin, tsohon da ya san labarin tasowa daga Tumbi kuwa ba zai jira ba. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Yaron da ya koyi kallon garinsu da idon basira, shi ne idan Allah ya kai shi Falarmo ko Benis ta hanyar karatu zai san abin da yake kallo, ya dawo da abin da zai amfani mutanensa.

Allah ya sanya albarka a cikin zuriyarmu, ya ba mu ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu. Allah ne mafi sani.