Shirun Na'urar Bin Sawu Ma Labari Ne

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa bakin hanya ya ga jerin tireloli da tankokin mai suna wucewa, to ya sani da yawansu akwai wani ɗan ƙaramin akwati ɓoye a cikinsu, wanda ke sanar da ofishin kamfani inda motar take. Wannan akwati shi ne na'urar bin sawu, kuma da GPS yake aiki. Masu motoci sun sakankance da shi ƙwarai, har wasu na ganin sun gama da ɓarawo da direba mai ha'inci. A ganina sun yi gaggawa.

Bari mu fara da yadda abin yake. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 ko kusa da haka. Kowannensu yana aiko da saƙon rediyo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa, na'urar da ke ƙasa kuwa tana bukatar jin aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take. To, kafin saƙon ya ratso wannan nisa ya iso ƙasa ya yi rauni matuƙa, har ƙarfinsa bai kai na hayaniyar rediyo da ke ko'ina ba. Kamar mutum ne yana maka raɗa daga bayan gari, sai wani ya zo gefen kunnenka da kalangu. Aikin na'urar toshe sigina ke nan: ana soka ta a ramin kunna sigari na mota, ta riƙa watsa hayaniya a kan zangon megahaz 1575.42, wanda a kansa yawancin na'urorin farar hula suke saurare. Nan take mota ta ɓace daga allon ofis.

Illar ba ta tsaya kan mai mota kaɗai ba. A shekarar 2012 an lura cewa wani abu yana rikita sabon tsarin taimaka wa jirage sauka da ake gwadawa a filin jirgin sama na Newark, a jihar New Jersey ta Amurka. Da jami'an hukumar sadarwa ta ƙasar, wato FCC, suka bi diddigi, sai suka tarar da wani direba ne da ya sanya irin wannan na'ura a motar kamfaninsu don kada maigidansa ya san inda yake zuwa. A 2013 hukumar ta sanar da niyyarta ta sanya masa tarar dala 31,875. A ƙasar Meziko kuwa, inda 'yan fashi suka mayar da na'urar makamin sace manyan motocin kaya, a watan Janairu na 2020 aka kafa dokar da ta haramta ƙera ta da sayar da ita da amfani da ita, da hukuncin ɗauri na shekara 12 zuwa 15.

Doka tana da kyau, amma wanda ya fito fashi da bindiga ba tsoron tara zai hana shi ba. Saboda haka nake ganin babban gyara yana hannun injiniyoyi da masu kamfani, kuma ya fara ne daga sauya tunani: ɓacewar sigina ita kanta shaida ce. Motar da ta shiga ƙarƙashin gada takan rasa wasu taurari na ɗan lokaci. Wadda aka toshe kuwa takan rasa su duka a lokaci guda, alhali hayaniyar da na'urar ke ji ta ƙaru. Na'ura mai kyau tana iya bambance waɗannan biyun, ta aika da gargaɗi ta layin wayar salula. Idan an toshe layin wayar ma, kwamfutar ofis ce ya kamata ta lura cewa motar da ta saba magana kowane minti ta yi tsit, ta tayar da mai gadi.

Wasu na cewa ai akwai Galileo na Turai da BeiDou na Sin, a haɗa da su mana. Wannan yana ƙara daidaito, sai dai wasu saƙonninsu a kan wancan zangon suke, kalangu ɗaya zai rufe su duka. Abin da ya fi amfani shi ne dabarar da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe da sani: idan ka san inda ka taso, da saurinka, da inda ka fuskanta, za ka iya ƙiyasta inda kake. Juyawar taya da na'urar auna karkata suna ba da wannan lissafi ba tare da tauraro ba, ko da yake kuskurensa yana taruwa da tsawon tafiya. Hasumiyoyin wayar salula ma suna nuna yankin da mota take.

Saura batun direba, wanda masu kamfani ba su cika son ji ba. Mutumin Newark ba ɓarawo ba ne, ido yake gudu. Kamfanin da ke bin sawun ma'aikacinsa har bayan an tashi aiki, ko yake yanke masa albashi don ya tsaya cin abinci, shi da kansa yake tura shi neman na'urar toshewa. A gaya wa direba abin da ake rubutawa a kansa da lokacin da ake yi, a kuma nuna masa cewa ranar da 'yan fashi suka tare shi a daji, wannan akwatin ne zai faɗi inda aka gan shi na ƙarshe.