Tsohon Keken Caji: A Ci Gaba Da Lallaɓawa Ko A Rabu Da Shi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata gardama da muka yi da kawuna a Hardawa lokacin hutun da ya gabata, wadda har na dawo makaranta ba ta bar raina ba. A kan keke muka yi ta.

Kawun nawa malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bayan gari. Shekara da shekaru da babur yake zuwa aiki, har ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta yi ta hawa, ya zuwa watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000. Da albashi ya kasa ɗaukar babur, sai ya sayar da shi, ya sa aka sayo masa keke mai aiki da batir daga Kano, na hannu, irin wanda Turawa ke ƙerawa don hawan duwatsu. A yankinmu na Misau da Katagum rairayi ne ya fi damun matafiyi, to sai ga shi faffaɗar tayar keken ta dace da hanyar ƙauye kamar don ita aka yi ta. Mutanen gari suka raɗa masa suna keken caji, sunan kuwa ya bi shi.

Da farko caji ɗaya yakan kai Kawu makaranta ya dawo da shi, har da yamma ya leƙa gona. A wannan hutun kuwa sau uku ina ganin ya shigo gida yana tura keken, gumi ya jiƙa masa riga, domin batir ya ƙare a hanya. Wanda bai taɓa tura irin wannan keke a cikin rairayi ba ba zai gane wahalar ba, saboda nauyinsa ya haura kilo 20. Sai na ce, "Kawu, anya lokacin rabuwa da keken nan bai yi ba?" Ya dube ni ya yi dariya, ya nuna mini wani tsohon Raleigh da ke jingine a zaure. Ya ce, "Ɗan nan, wancan na kakanka ne, tun zamanin Udoji, a 1975, aka saye shi, har gobe yara na kai niƙa da shi. Ku 'yan boko komai ya kwana biyu sai ku ce a jefar. Da tsohuwar zuma ake magani."

Maganar Kawu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan raina ta ba. Bahaushe ya iya riƙon kaya. Mai gyaran keke na gindin bishiya, da sifana da roba da gam, zai iya raya keken da ya shekara 40. Dalili kuwa shi ne tsufan Raleigh a fili yake: sarƙa ta saki, birki ya cinye, taya ta suɗe, ido na gani, hannu na gyarawa, kayan gyaran kuma suna nan a kowace kasuwa. A nawa ganin, kuskuren Kawu shi ne auna keken caji da wannan mudu. Tsufan keken caji a ɓoye yake, cikin batir, inda sifana ba ta kaiwa.

Batirin litiyam da ke cikin irin waɗannan kekuna yana da adadin cajin da yake iya ɗauka, daga ɗaruruwa zuwa wajen dubu, daga nan ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba dawowa. Zafi yana gaggauta wannan raguwa, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan wuce digiri 40. Barin batir ya ƙare ƙarƙaf ya kwana biyu ba caji shi ma yana kashe shi, ga shi wutar lantarki ba ta tsaya mana ba. Bugu da ƙari, keken Kawu na hannu ne, wani ya riga ya sha romon batirin a ƙasarsu kafin a loda shi a jirgin ruwa. Ke nan shekarun da Kawu ke ƙirgawa daga ranar da ya saya ba su ne shekarun keken ba.

To yaushe ya kamata mutum ya haƙura? Ni dai tambayoyi uku nake ganin mai keke zai yi wa kansa.

Ta farko, shin keken yana yin aikin da aka saye shi dominsa? Wannan ba ya buƙatar injiniya. Mutum ya cika caji, ya bi hanyar da ya saba bi, ya lura da inda ƙarfi ya fara sanyi, ya maimaita bayan wata guda. Matuƙar caji ɗaya na kai shi ya dawo da shi da ɗan saura, keken na da sauran rai ko da fentinsa ya koɗe. Ranar da ya fara lissafin ko zai isa gida ko ba zai isa ba, magana ta canza. Malamin da ya makara ɗalibansa ne suka yi asara, wanda kuwa ya ɗauko marar lafiya keke ya tsaya masa a daji, asararsa ta wuce ta kuɗi.

Ta biyu, shin abin da ya lalace ana samunsa, kuma nawa ne? Sarƙa da birki da taya ba abin damuwa ba ne, masu gyara a Azare za su yi maganinsu. Abubuwa uku ne masu wuya: batir, da injin da ke juya ƙafa, da ƙwaƙwalwar da ke raba wuta. Kamfanoni da yawa sukan ƙera batirinsu yadda ba zai yi aiki da keken wani ba, idan kuma suka daina yin samfurin, samun nasa ya zama aiki. Idan gangar jikin keke lafiya take, inji ba ya ƙara, kuma an sami batir na ainihi wanda ya dace, to a canza batir kawai a ci gaba da hawa, wannan shi ne tattali. Amma idan batir da inji suka haɗu suka gaji, kuɗin gyaransu ya doshi rabin kuɗin wani keken mai lafiya, ci gaba da gyara ya zama zuba ruwa a kwando.

Ta uku ita ce wadda ba ta karɓar ciniki: shin keken ya zama haɗari? Yawancin irin waɗannan kekuna da alminiyam ake yin jikinsu, idan ya tsage waldar bakin titi ba ta mayar masa da ƙarfinsa, yana iya karyewa mutum na tsakiyar gudu. Batir kuma idan ya kumbura, ko yana zafi fiye da kima wajen caji, ko yana wari, to gobara ce ke sallama. A watan Fabrairu na 2024, a birnin Nanjing na ƙasar Sin, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye kekunan caji a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. Birnin Niyok na Amurka ma sai da ya kafa doka a 2023 ta hana sayar da kekuna da batiran da ba a tantance ingancinsu ba, saboda yawan gobara. Can suna da motocin kashe gobara a kusa. Mu fa, da muke caji a ɗakin kwana, kusa da katifa da buhunan gero? Nan ne nake jin tsoron dabarar da wasu ke yi ta farke batir a cusa masa tsofaffin ƙwayoyi daga nan da can don a sami sauƙi. Araha ba ta ado, wannan arahar kuwa tana iya cin gida.

Kada mai karatu ya ɗauka ina goyon bayan masu canza abin hawa don yayi. Mu ɗalibai mun fi kowa wannan ciwo, wayar da ke aiki lafiya sai mu rabu da ita don aboki ya sayi sabuwa. Kunyar hawa tsohon keke ba ta cikin tambayoyina uku. Abin da nake kira gare shi shi ne a riƙa shiri tun da wuri. Wanda ya daina sayen fetur ya san ba kyauta yake hawa ba, kuɗin man ne aka tara masa za a karɓa gaba ɗaya ranar da batir ya mutu. Da Kawu ya riƙa zuba wani abu daga rarar kuɗin mai a adashi tun 2023, da yau zaɓi na hannunsa. Haka kuma keken da ke tafiya yana da daraja wajen musaya, wanda ya mutu kuwa sai 'yan jari-bola su auna shi a sikeli. Sai dai wanda zai sayar ya ji tsoron Allah ya faɗi aibin batirin, kada ya tura wa ɗan'uwansa wahalar da ya gudu.

Akwai kuma batun inda tsohon batir zai ƙare. Kada a jefa shi a juji ko a wuta, kada a bar wa yara su fasa. Wasu ƙananan baburan caji ma batirin dalma suke amfani da shi, mun kuwa ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Kafin in baro gida, mun cire batirin Kawu mun duba, muka tarar gefensa ya ɗan tasa. Ya yi shiru, sannan ya ce a fitar da shi daga ɗaki a ajiye a inuwa, nesa da kayan abinci. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba, domin ba a kayar da babba a gardama. Washegari da sassafe na ji ƙarar ƙararrawa a ƙofar gida, ashe Raleigh ɗin kakana ya hura wa iska ya kama hanyar makaranta, ya bar saƙon a tambayo masa kuɗin batir na ainihi a Kano kafin ya yanke shawara.

Allah ya tsare mu da abin hawanmu, ya sa mu gama karatu lafiya, amin.