Kada Mu Jefar Da Abin Da Ba Mu Sani Ba

Bara da rani kawuna ya sa aka haƙa masa rijiya a gonarsa ta Bakura. Masu haƙa suka tono wani dutse mai kama da ƙashin gadon baya, amma ya fi na sa girma. Aka ce na aljannu ne, aka wurga shi cikin fadama. Har yau abin yana ci mini rai, ga kuwa dalilina.

A 1965 wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya je Gadufawa cikin hamadar Tenere, a ƙasar Nijar. Can ya tarar da ƙasusuwan wata dabba daga cikin waɗanda ake kira dainoso. A 1976 ya raɗa mata suna Ouranosaurus nigeriensis. Tsawonta wajen mita 7 ne, bakinta mai faɗi kamar na agwagwa, kuma ganye take ci. Ta rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da itatuwa. Yau sai yashi.

Kada mu ce abin na nesa ne. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, aka sa masa suna Goronyosaurus a 1972. Ashe teku ta taɓa rufe ƙasar Sakkwato!

Wani zai ce ai ƙashi ba ya zama tuwo. Haka ne. Amma dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina teku ce ta bar shi. Wanda ya iya karanta duwatsu shi ke gane arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Shin har yaushe baƙi za su riƙa zuwa suna gaya mana abin da ke cikin ƙasarmu?

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ga shawarata. Kullum ana haƙa rijiyoyi da ramuka daga Talata Mafara har Maradun. In ka ga baƙon dutse, kada ka fasa shi. Lura da inda aka same shi, ka kai wa malamin kimiyya, shi kuma ya aika Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba. Watakila ba komai ba ne, watakila kuwa abin da zai ɗaukaka sunan garinmu ne. Na kawuna dai ya riga ya tafi. Allah ya sa mu tsare na gaba.