Kuɗin Da Aka Biya Kafin Mata Su Jefa Ƙuri'a

Matan da ke shiga layin zaɓe a Geza da sauran ƙauyukan Bagudo, can bakin iyakar Binin, ba kyauta aka ba su wannan 'yanci ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma aka hana na Jihar Arewa. Sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa.

Tsakanin waɗannan shekaru, har ma kafin su, akwai waɗanda suka biya kuɗin da jikinsu. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru, cikin Lardin Sakkwato, a 1950, watau shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ga ma'aikacin wancan zamani, barin albashin Gwamnati ba ƙaramar kasada ba ce. Malam kuwa ya karanci yadda Gandhi ya yi da Ingilishi a Indiya, ya ɗauki lacca da takardar koke da akwatin zaɓe su zama makamansa. Ba a ce samarin NEPU ba su taɓa rama duka ba. Sun rama, musamman a kan 'Yan Mahaukata. Amma shugaban bai gina jam'iyyarsa a kan gora ba.

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ita ta fi kowa shan wuya. Tana matashiya ta shiga NEPU, ta riƙa tara mata tana yi musu bayanin ƙuri'a da ilmi da illar auren wuri. Kotunan alƙalai na En'e suka ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka yi mata duka, aka kore ta daga Kano. Da ta fito sai ta koma kan dandamali.

Abin tambaya yau shi ne ina aka kwana. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka shafi 'yancin mata, mata suka yi kwanaki suna zaman lumana a ƙofar majalisa har Majalisar Wakilai ta janye matakinta a kan uku daga ciki. Duk da haka, da aka rantsar da sanatoci 109 a Yunin 2023, uku ne kacal mata, kuma babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma, yankin da Gambo ta yi zaman kurkuku.