Ciwon Dajin Yara: Yadda Iyaye Suka Haɗa Kai Suka Tsaya Wa 'Ya'yan Wasu

 

Da wuya mako ya wuce ba a turo mana hoton wani yaro a WhatsApp ba, yana kwance a gadon asibiti, ciki ya kumbura ko muƙamuƙi ya haye, an rubuta lambar asusun banki a ƙasan hoton. Mukan tura abin da ya sawwaƙa, mu yi addu'a, mu miƙa wa wani zaure. Bayan kwana uku wani hoton ya danne wannan. Ba na raina wannan taimako, Allah Ya ba da lada. Amma ciwon daji ba zazzaɓin damina ba ne. Kansar jini, wadda ita ce ta fi kama yara a duniya, maganinta yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Gudummawar kwana uku ba za ta riƙe jinyar shekara uku ba. A ƙasashen da aka ci ƙarfin wannan ciwo, iyayen yaran da kansu ne suka fara gane haka, suka kafa ƙungiyoyin da ba sa watsewa idan an sallami yaro ɗaya ko an binne shi.

A shekarar 1960, a garin Middlesbrough na Ingila, wata yarinya mai suna Susan Eastwood ta rasu da kansar jini tana da shekara shida. A wancan zamani, ko a Turai, cikin yara goma da suka kamu ba a samun ɗaya da ke tashi. Iyayenta, David da Hilda, ba masu kuɗi ba ne. Bayan an share makoki sai gidan suka kama ɗinka hankici suna sayarwa, suna tara kuɗin don a ba masu binciken magani. Wannan ɗinkin na falo shi ne asalin gidauniyar da a yau ake kira Blood Cancer UK, ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin binciken kansar jini a Birtaniya. Yanzu a can, kusan tara cikin goma na yaran da suka kamu da irin kansar jinin da ta fi yawa suna rayuwa. Ba hankicin Hilda kaɗai ya kawo hakan ba, aikin dubban likitoci ne a ƙasashe da dama, amma kuɗin iyaye irinta yana ciki tun daga tushe.

Wata za ta ce, ƙasar da ke da arziki da kamfanonin magani, me ya kai uwa ga sayar da hankici? Amsar kasuwa ce. A waɗannan ƙasashe, ciwon dajin yara bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na duk masu ciwon daji ba, kuma wannan ɗan kason ya rarrabu iri-iri. Kamfani kuwa inda masu saye suka fi yawa yake zuba jarinsa. Shi ya sa da yawa daga magungunan da ake ɗura wa yara tsofaffi ne na shekaru hamsin ko fiye, kuma masu zafi ne. Yaro zai warke, amma wani ya tashi da raunin zuciya, wani da matsalar ji, wata ta girma ta rasa haihuwa.

Abin da ya faru a birnin New York a 2007 shi ya fi tsaya mini a rai. A asibitin Memorial Sloan Kettering akwai yara masu wata muguwar kansa da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiya, wadda ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Likitocin suna da wani magani da aka samar daga jikin ɓera, yana aiki, amma jikin yara da yawa yakan ƙi shi bayan ɗan lokaci. Sun san yadda za a gyara shi ya dace da jikin ɗan Adam, kuɗin aikin ne babu. Sai iyayen da ke zaman jinya suka haɗu suka kafa ƙungiya mai suna Band of Parents. Ɗaya daga cikinsu, Gretchen Witt, wadda ɗanta Liam ya kamu yana ɗan shekara biyu, ta tara masu sa kai kusan 250 suka gasa biskit 96,000 cikin 'yan makonni, suka sayar, aka sami fiye da dala 400,000. Liam bai riski maganin ba, ya rasu a 2011 yana da shekara shida. Sai a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, da sunan naxitamab. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin gashin biskit da fitowar magani, kuma 'ya'yan wasu ne suka amfana.

Irin wannan ciwo ne ya kama Alexandra Scott, wadda a shekarar 2000, tana da shekara huɗu, ta kafa tebur a ƙofar gidansu tana sayar da ruwan lemon tsami don ta ba likitocinta kuɗin neman magani. Kafin ta rasu a 2004, ita da waɗanda suka yi koyi da ita sun tara sama da dala miliyan ɗaya. Iyayenta suka mai da abin gidauniya a 2005, kuma ta tara fiye da dala miliyan 200 tun daga lokacin.

To, wannan labarin masu hali ne, waɗanda damuwarsu ita ce sabon magani. Tamu damuwar daban ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa kuwa ba a kai kashi 30 ba. Ba rashin sabon magani ne ya kawo wannan rata ba, don tsofaffin magungunan nan su ne suka warkar da yawancin yaran Turai. Abin da ke cin namu yaran shi ne zuwa asibiti a makare, da rashin gane ciwon da wuri, da kuma yanke magani a tsakiya.

Bari in ɗan tsaya a kan yanke magani, don a nan ake yawan ɗora wa uwa laifi. Ki ɗauki matar da aka turo daga ƙauye zuwa babban asibiti a Kano ko Zariya ko Sakkwato. Ta baro yara huɗu a hannun kishiya ko kaka. Ba ta san kowa a garin ba, tabarma take shimfiɗawa a baranda, komai saye take yi har ruwan sha. An sayar da akuya, an sayar da tunkiya, an kai ga jinginar da gona. Aka yi wa yaro ɗurin kemo karo na farko da na biyu, kumburin ya saɓe, ya fara wasa. Likita ya ce ta koma gida ta dawo bayan mako uku. A gida dangi suka ce ai ya warke, me za a koma yi, ga shi ma maganin ya zubar masa da gashi. Ranar komawa ta zo, babu kuɗin mota. Bayan wata biyu ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. A fayil ɗin asibiti za a rubuta cewa iyaye sun gudu da yaro. A ganina ba gudu ba ne, kuɗin mota ne da wurin kwana suka gagara.

Akwai inda aka gwada toshe wannan ɓaraka aka ga sakamako a ƙididdige. A birnin Recife da ke arewa maso gabashin Burazil, yanki mai fama da talauci, a shekarun 1980 kashi 16 cikin ɗari na yara masu kansar jini ana yanke musu magani, kuma kashi 32 ne kawai ke kai shekara biyar ciwon bai dawo ba. Asibitin ya ware sashe na musamman da ƙwararrun ma'aikata, ya ƙulla zumunci da asibitin St. Jude na Amurka, ita kuma wata ƙungiyar sa kai ta ɗauki nauyin masauki da abinci da kuɗin mota na iyalan da suka zo daga nesa. Zuwa farkon shekarun 2000 masu yanke magani ba su kai kashi ɗaya ba, masu tsira kuma suka kai kashi 63. Ki duba, ninki biyu ke nan.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A Afirka ta Kudu iyaye ne suka kafa ƙungiyar CHOC a Johannesburg a 1979, yau tana da gidaje kusa da manyan asibitoci inda uwa da ɗanta ke kwana su ci abinci kyauta, ana kuma taimaka musu da kuɗin mota. A Ghana ƙungiyar iyayen yara masu ciwon daji tana cikin waɗanda suka yi shekaru suna kira tare da likitoci, har aka gina masauki a asibitin Korle Bu da ke Akara, kuma a 2021 aka sanar da shigar da kansar yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa: kansar jini, ta ido, ta ƙoda, da wadda ake kira Burkitt. Uwa ɗaya ba za ta iya sa gwamnati ta yi wannan ba ko da za ta shekara tana kuka a rediyo. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun haɗu a Sifaniya a 1994 suka kafa uwar ƙungiya ta duniya, wadda yanzu ake kira Childhood Cancer International, ita ce kuma ta ware ranar 15 ga Fabrairu ta zama ranar tunawa da yara masu ciwon daji.

Ita wannan Burkitt ɗin tamu ce, don a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu ta fi yawa. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya yi bayaninta a Yuganda a 1958. Takan kumbura muƙamuƙi ko ciki, tana girma da saurin ban tsoro, cikin 'yan kwanaki sai ki ga fuska ta canja. Amma tana daga cikin masu jin magani da sauri, kuma jinyarta 'yan watanni ce. Don haka kumburin da ke ƙaruwa kullum ba na shafe-shafe ba ne, kada kuma a bari wanzami ya tsaga shi. Haka farin ɗigo a tsakiyar baƙin idon jariri mai ƙyalli kamar idon kyanwa, ko ƙullutu mai tauri a ciki da kika ji lokacin wanka, ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani tare da ɗashewar jiki da ciwon ƙashi da zubar jini daga hanci ko dasashi. Sau da yawa ba kansa ba ce, amma likita ne zai faɗa, ba mai kemis ba.

A Najeriya akwai gidauniyoyi da likitoci da masu jin ƙai suka kafa, suna kuma ƙoƙari. Abin da na fi ganin ƙarancinsa a wajenmu shi ne muryar iyayen da suka ɗanɗana da kansu. Mu mutane ne masu kawaici, uwar da ta rasa ɗa ana ce mata ta yi haƙuri, ita ma ba ta son tada maganar. Haƙuri wajibi ne, amma bai hana aiki ba. Matar da ta yi wata takwas a ɗakin jinyar yara ta san abubuwan da babu littafin da zai koya wa sabuwar zuwa. Ta san yadda ake neman masu ba da jini cikin dare, ta san abincin da yaro ke iya haɗiya idan kemo ya yi masa gyambo a baki, ta san cewa zazzaɓi bayan ɗuri ba na jiran safiya ba ne. Ta san kalmar da za ta faɗa wa uban da ke shirin ɗauke ɗansa. Yawanci wannan sani yana bin ta gida ya kwanta.

Kayan aikin kuwa muna da su. Mun iya adashi, muna da ƙungiyoyin unguwa da na makarantun Islamiyya da na coci, muna haɗa kuɗin anko cikin mako guda ba tare da an kai ruwa rana ba. Ba na cewa mu fara da gina ɗakin bincike. Mata ashirin da suka yi jinya a asibiti ɗaya za su iya kama hayar ɗaki biyu kusa da shi, da tabarmi da risho da buhun shinkafa. Za su iya ajiye littafi mai sunan kowane yaro da ranar komawarsa da lambar wayar wani a gidansu, duk wanda bai zo ba a kira shi a ranar, in kuɗin mota ne a tura. Wannan littafin ma bincike ne, don shi zai nuna wa likitoci da hukuma yara nawa ake rasawa da kuma dalili.

Sai dai inda kuɗi ya taru sai an yi hattara, don mun sha ganin ƙungiyar da ta fara da kuka ta ƙare da rigima. A yi rajista, a buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda ba a cire ko sisi sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. A riƙa biyan kuɗin magani da gwaji kai tsaye ga asibiti a karɓi rasit, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. A nemi likitan yara ko babbar nas ta sashen ta zama mai ba da shawara, a kuma haɗa kai da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, don su suka san wanda ya fi buƙata. Kada a sa hoton yaro a intanet sai da yardar iyayensa, kuma ko sun yarda a suturta shi.

Wadda ba ta taɓa jinyar irin wannan ciwo ba ita ma tana da wuri. Alkawarin naira dubu ɗaya duk wata na tsawon shekara biyu ya fi wa ƙungiya amfani a kan dubu ashirin da aka ba da sau ɗaya, don da shi ake iya kama haya a san za a biya. Mai lafiya kuma da ba ta da ciki, ba ta shayarwa, tana iya zuwa a gwada ta ta ba da jini, ko ta tura maigida da samarin gida, domin yaron da ke kan kemo yakan buƙaci ƙarin jini sau da yawa kafin ya gama.