Fegin da babu kowa a kai a bakin Kainji



Tambayar da ta fi yawa a bakin sababbin marubuta yanzu ita ce, yaya zan yi a san ni? Amsar da aka saba bayarwa kuwa, a samo laƙabi mai amo, a sa a zana tambari, a buɗe shafi a Facebook da TikTok. Shi ya sa za ka tarar da gimbiyoyin alƙalami biyar a zaure ɗaya na WhatsApp. Ka buɗe labarin kuma, ga gidan bene a Maitama, ga saurayin da ya dawo daga Dubai cikin baƙar mota. Har marubutanmu na Yelwa da Shanga da Wara, waɗanda ƙugin injin jirgin ruwa ke tashinsu da asuba, wannan Maitamar suke rubutawa, alhali wasunsu ko Zuba ba su taɓa kaiwa ba.

Ni a wajena, a san ka yana nufin idan an ambaci wani batu, sunanka ne zai fara faɗo wa mutane. Laƙabi ba ya sayen wannan. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da tarihin Yawuri ya fara bincikensa, daga nan ya faɗaɗa har ya fitar da littafinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, wanda har gobe masana ke komawa gare shi. Daga ƙofar gida ya tashi.

To mu duba abin da ke ƙofar gidan namu. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka da tsohon garin Busa, aka kwashe mutum sama da dubu arba'in zuwa gidajen siminti da gwamnati ta gina. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun bar gungunan da kakanninsu suka shekara ɗaruruwa suna noman albasa a kai. Ina labarin amaryar da aka ɗaura wa aure a garin da yanzu yake ƙarƙashin ruwa? Ina na tsohon da ke nuna wa jikansa tsakiyar tafki yana cewa nan ne kabarin babana? Ban taɓa cin karo da ko ɗaya a cikin ɗaruruwan labaran da ake turo mana ba. Kuma lokaci ba ya jira: yaron da yake da shekara goma ranar da aka kwashe su, yau ya doshi saba'in.

Ga ruwan kansa. Kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara a wannan yankin, ɗaya da ruwan daminarmu, ɗaya kuma cikin sanyi, lokacin da ruwan da ya taso daga duwatsun Gini ya gama ratso Mali da Nijar ya iso. Idan tafki ya ja baya, manomi ya bi sawunsa da shuka. Ga Sarkawa da birgi da kalli, ga warangi da ake shanyawa a bakin gaɓa, ga giwan ruwa da yauni da kurungu. Mai karatu a Kano ya san ɗanɗanon bandar kifin Yauri, amma bai san hannun da ya kamo shi ba. Ga Rigata, ga masu haƙar zinariya, ga labarin zuwan Turawan nan 'yan gidan Landa a 1830 suna neman takardun Mungo Park. Wannan duk fegi ne da babu wanda ya kafa ko turke a kai.

Akwai kuma abin da ya fi neman suna nauyi. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a hanyarsa daga jihar Neja zuwa Wara, kaɗan ne suka tsira. Wata guda bai cika ba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Da waɗannan biyun duniya ta san mu a shekarar, kuma daga bakin baƙi ta ji. Sun kawo adadi, sun wuce. Wanda zai zauna ya bayyana dalilin da ya sa mai goyo ke gwammace jirgi a kan mota, da yadda kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun 1968 ke farke cikin jirgi, da yadda ake lodi, da rashin rigar ruwa, sai ɗan gida. Shi ma ba za a saurare shi a ranar ba sai in dama can an saba jin gaskiya daga shafinsa.

Na san abin da za a ce: soyayya ake karantawa, wa zai bi shafin kifi? Da gaskiyarku, da farko mabiya ba za su yi yawa ba. Amma wa ya ce a bar soyayya? A kawo ta cikin kwale-kwale. Ɗiyar sarkin ruwa da ɗan dillalin albasa sun ishi littafi guda, har da kishiya in ana so. Sannan mutum ɗari uku 'yan Yauri da ke zaune a Legas da Ibadan da Sakkwato, masu jiran rubutunka duk mako don su ji ƙanshin gida, sun fi dubu goma da suka danna suka manta.

Ko "Yauri" ɗin ma ta yi faɗi ga mutum ɗaya. Wani ya ɗauki kasuwannin bakin ruwa da farashinsu, wata ta ɗauki girkin kifi, wani ya riƙa kawo kalmomin Gunganci da na Kambarci da ma'anarsu. Ka tsayar da rana ɗaya a mako, kada ka saɓa. Ka yi amfani da suna ɗaya a ko'ina. Ka ajiye kwafin komai a wajenka, domin waɗanda suka jibge littattafansu a OkadaBooks sun ga yadda aka rufe shi a 2023. Kuma don Allah, kafin ka ɗaga waya a kan tsohuwar Bakambara, ka gaishe ta ka nemi izini. Baƙi masu neman abin kallo sun isa, kada mu ƙaru a kansu.

Da za a ba ni zaɓi, fegin da nake so wani ya fara kamawa shi ne na tsofaffin nan. Wayar hannunka tana ɗaukar murya. A tambaye su sunan ƙauyen da aka haife su, da ranar da kasuwarsa ke ci, da abin da suka fara ɗauka ranar da aka zo kwashe su.