Wanda Bai Shiga Motar Talakawa Ba, Bai Ga Ƙasa Ba

Kowace shekara mutanenmu na zuwa Masar karatu, jinya ko fatauci. Abin da ke damunmu, da yawa daga filin jirgi sai tasi, daga tasi sai masauki. Su dawo da hotuna, ba su san mutanen ƙasar ba.

Matafiyan nan masu goya jaka a baya sun fi mu dabara. Sukan hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis ta Alƙahira, su kwana a ciki, gari ya waye musu a gefen kogin Nilu kan hanyar Aswan. Cikin birni kuwa sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, na farko a Afirka, da aka buɗe a 1987, har da taragai na mata zalla. A ƙananan bas, kuɗin mota hannu da hannu yake bi zuwa wurin direba, canji ya dawo cif.

Gaskiya akwai cunkoso da jinkiri. Amma a nan ake koyon Larabcin kasuwa, a san ainihin farashi, guzuri ya yi auki. Tafiya mabuɗin ilimi ce, in an yi ta cikin mutane.

Allah ya kai kowa lafiya.